Har a intanet akwai iyaka: Darasin da wata waya ta koya mana a Toranke

A hutun da ya wuce, bayan an gama girbi, ƙaninmu da ke aji shida a sakandare ya sayar da riɗin da ya noma a gayaunarsa. Ya haɗa da kuɗin akuyar da Inna ta ba shi kiwo tun tana 'yar ƙarama, ya ce waya zai saya. Babu wanda ya hana shi, domin hujjarsa mai ƙarfi ce: jarrabawar JAMB na tafe, da kwamfuta ake yin ta, kuma yana so ya riƙa gwada tsofaffin tambayoyi tun kafin ranar ta zo.

Mu yayyensa da ke jami'a muka raka shi. Muka tashi daga Toranke da sassafe, muka bi ta Gaya da Wudil, muka shiga birni kafin azahar. A wani shago aka nuna mana wata waya ta hannu, irin wadda 'yan kasuwa ke kira Landan-yus. Fes da ita, ko ƙwarzane babu. Mai shagon ya haɗa ta da waifai ɗin shagonsa, muka kalli bidiyo, muka ɗauki hoto, muka gwada sauti, komai lafiya. Kuɗinta kuma bai kai na irinta da muka taya a wasu shagunan ba. Muka biya, muka kamo hanya muna yabon kanmu da iya ciniki.

Sai da muka dawo gida bayan isha'i ƙaninmu ya sa layinsa. Waya ta ƙi karɓa. Aka sa na Yaya, ta ƙi. Aka aro na maƙwabci, na wani kamfanin daban, shi ma haka. Washegari muka kai ta wajen wani mai gyaran waya a Gaya. Ya jujjuya ta, ya danna nan ya danna can, sannan ya ɗago kai.

"Samari, ai wannan lafiyarta ƙalau," in ji shi. "A kulle take. Kamfanin layin da ya sayar da ita a can ƙasar waje shi ya kulle ta, ba za ta ɗauki layin kowa ba sai nasa."

Ƙaninmu ya ce, "To Malam, ba da kuɗina na saya ba?"

Ya ce, "Da kuɗinka ka saya, ƙanina. Amma makullin yana hannun wanda bai ma san da zamanka ba."

Mun koma wajen mai shagon, ya ce shi bai san zancen ba, mu kuma ko rasit ba mu karɓa ba. Tun daga ranar muka shiga tambaya da karance-karance, sai muka gane cewa abin da ya faru da wayar nan reshe ɗaya ne na wata babbar bishiya. Ana yawan gaya mana cewa intanet ta mai da duniya ƙauye guda. Gaskiya ne, amma ƙauyen akwai katangu a cikinsa, kuma kowace katanga da wanda ya gina ta da dalilinsa. Wanda ya san mai katangar, shi ne ba zai yi asarar kuɗinsa a banza ba. Abin da muke so mu tattauna da ku ke nan, ƙannenmu.

Ta yaya ake gane daga ina kake?

Da yawanku kun taɓa danna wani bidiyo, maimakon ya buɗe sai wani ɗan rubutu na Turanci ya fito yana cewa ba a nuna wannan a ƙasarku. Ko ku nemi wata manhaja a Play Store a ce babu ita a yankinku, alhali ga wani ɗan'uwanku a Saudiyya ko Ingila yana amfani da ita. Tambayar farko ita ce: wa ya gaya musu inda kuke?

Wayarku ce ta faɗa. Duk na'urar da ta hau intanet ana ba ta wata lamba da ake kira adireshin IP. Ba don ita ba, shafin da ka nema ba zai san inda zai aiko maka da amsa ba, kamar dai wasiƙar da ba a rubuta mata adireshi ba. Waɗannan lambobi ba kara zube ake rabon su ba. Hukumomi biyar ne ke raba su a faɗin duniya, kuma wadda ke kula da Afirka ita ce AFRINIC, mai mazauni a tsibirin Mauritius da ke tekun Indiya. Ita ke bai wa kamfanonin sadarwa irin su MTN da Airtel da Glo rukunin lambobi. Saboda haka da zarar ka buɗe shafi, mai shafin ya ga lambarka, ya duba jadawali, ya san daga Najeriya kake.

Ba wannan kaɗai ba. Layin da ke cikin wayarka yana ɗauke da lambar ƙasa, ta Najeriya ita ce 621, ban da +234 da kowa ya sani. Lambobin farko da ke jikin katin ATM suna nuna bankin da ya ba da shi da kuma ƙasar da bankin yake. Ga na'urar GPS da ke cikin waya mai nuna wurin da kake tsaye. Ga kuma ƙasar da ka zaɓa da hannunka ranar da ka buɗe asusun Google. Ka ga ashe shaidu huɗu ko biyar ne ke tsaye a kanka a duk lokacin da ka hau intanet.

Katanga ta farko: ta 'yan kasuwa

Yawancin abin da ake hana mu gani ba don ƙiyayya ba ne, ciniki ne. Mu ɗauki misali da ƙwallon ƙafa. Masu gasar Firimiya ta Ingila ba sa sayar da izinin nuna wasanninsu dunƙule. Yanki-yanki suke sayarwa, kamar yadda mai gona ke ba da haya kashi-kashi. A Najeriya da ƙasashe da dama na Afirka, tashar SuperSport ce ta daɗe tana riƙe da wannan izini, shi ya sa masu gidan kallo ke biyan kuɗin DStv. Tashar da ta sayi izinin nunawa a Ingila ko Amurka dole ta toshe mai kallo daga Ajingi, in ba haka ba ta shiga gonar wani. Haka nan kana iya sauraren BBC Hausa duk inda kake, amma manhajar BBC iPlayer ba ta buɗewa sai a Birtaniya, domin mutanen can ne ke biyan kuɗin lasisin talabijin da ake gudanar da ita da shi.

Wannan dabara ta girmi wayar da ke hannunku. Lokacin da faifan DVD ya fito, manyan kamfanonin fim sun raba duniya shiyya shida. Amurka da Kanada shiyya ta 1. Turai da Japan shiyya ta 2. Sin ita kaɗai shiyya ta 6. Najeriya da yawancin Afirka aka sa mu a shiyya ta 5 tare da Indiya da Rasha. Faifan da aka buga don Amurka ba ya yi a na'urar da aka ƙera don shiyyarmu. Manufar ita ce su saki fim a lokacin da suka ga dama, a kan farashin da suka ga dama, a kowane yanki.

Wani lokacin kuma kamfani ne kawai bai iso ba. Spotify, manhajar sauraren waƙoƙi, ta fara aiki a Turai a 2008, amma sai a watan Fabrairun 2021 ta buɗe wa Najeriya ƙofa. Netflix sai a Janairun 2016 ya iso nan. Kafin kamfani ya shiga ƙasa yana lissafi: mutum nawa ne za su iya biya, da wane kati, kuma wace doka ce za ta hau kansa?

Inda abin ya fi ciwo shi ne wajen neman kuɗi. A 2014 PayPal, kamfanin tura kuɗi ta intanet, ya buɗe wa 'yan Najeriya damar biya, amma bai ba su damar karɓa ba, kuma haka aka shafe shekaru ana fama. Ma'ana, a waɗancan shekarun matashin Kano mai iya zane ko fassara yana iya sayen kaya daga waje, amma in ya yi wa Bature aiki ba a iya biyan sa ta wannan hanya. Galibi ana danganta hakan da tsoron 'yan damfara, wato laifin tsiraru ya shafi miliyoyin da ba su ji ba su gani ba. Facebook ma sai a 2024 ya fara bai wa masu ɗora bidiyo daga Najeriya damar samun kuɗin talla, bayan takwarorinsu na wasu ƙasashe sun daɗe suna samu.

Amma mu faɗi gaskiya, rabon yanki ba kullum yake cutar da mu ba. Kuɗin wata da ake biya a Spotify ko Netflix a Najeriya bai kai abin da ake biya a Amurka ba, saboda an duba ƙarfin aljihunmu.

Katanga ta biyu: wadda ke cikin na'urar kanta

Mu koma kan wayar ƙaninmu. A Amurka da wasu ƙasashe, mutane da yawa ba sa biyan kuɗin waya lokaci guda. Kamfanin layi ne ke ba su, su riƙa biya wata-wata har shekara biyu ko uku. Don kada mutum ya karɓi waya ya gudu wajen wani kamfanin, sai a kulle ta. Idan ya gama biya yana iya neman a buɗe masa. Idan bai gama ba, ko ya manta bai nema ba, aka kwaso wayar a cikin kayan hannu aka kawo Legas ko Kano, to da makullinta za ta zo. Birtaniya ta hana kamfanonin layi sayar da waya a kulle tun Disambar 2021, amma tsofaffin da aka sayar kafin nan suna nan suna yawo a kasuwa.

Kulle ba shi ne kaɗai bambancin ba. Waya iri ɗaya, suna ɗaya, tana iya bambanta gwargwadon ƙasar da aka yi ta dominta. Tun daga iPhone 14 da ta fito a 2022, wadda aka yi don Amurka ba ta da ramin sa layi kwata-kwata, sai layin da ake ɗorawa a cikin waya wanda ake kira eSIM, shi kuma sai an nema a wajen kamfanin layi. Wayoyin Android da aka yi don kasuwar cikin ƙasar Sin ba sa zuwa da Play Store, domin manhajojin Google ba sa aiki a can. Sababbin wayoyin Huawei ma sun rasa manhajojin Google bayan takunkumin da Amurka ta sa wa kamfanin a 2019. Wayoyin da ake sayarwa a Japan da Koriya ta Kudu kuwa an yi su ne yadda kyamara za ta yi ƙara duk lokacin da aka ɗauki hoto, don hana ɗaukar mutane a ɓoye.

Har wutar lantarki ma da yankinta. Tamu ta Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120. Yawancin cajar waya da ta kwamfuta suna ɗaukar duka biyun, za ku ga an rubuta 100–240V a jikinsu. Amma dutsen guga ko injin markaɗen da aka yi don Amurka kaɗai, kana jona shi a nan sai hayaƙi.

A ɗaya gefen kuma, akwai kamfanin da ya yi nazarin yankinmu ya ci riba. Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da Infinix da itel, ya lura muna son waya mai layi biyu, mai batir da ke daɗewa, mai kyamarar da ke fito da baƙar fata da kyau. Shi ya sa in ka shiga kasuwar waya ta Farm Centre ko titin Beirut a Kano, su za ka fi gani.

Katanga ta uku: ta kuɗi

Akwai lokacin da shafi zai buɗe, kaya na nan, kuɗi na cikin asusunka, amma kati ya ƙi biya. A 2022, saboda ƙarancin dala, bankunan Najeriya da dama sun rage abin da mutum zai iya kashewa a ƙasashen waje da katin naira zuwa dala 20 a wata, daga baya ma wasu suka dakatar gaba ɗaya. Wannan ya shafi ɗalibai kai tsaye: mai son biyan kuɗin wani kwas na intanet, ko kuɗin neman gurbin karatu a wata jami'ar waje, sai ya nemi wani mai asusun dala ya biya masa. Sai a tsakiyar 2025 wasu bankuna suka sanar da dawo da wannan dama. A nan ba kamfanin waje ne ya rufe ƙofa ba, halin da tattalin arzikinmu ya shiga ne.

Katanga ta huɗu: ta hukuma

Wani lokacin daga cikin gida ake rufe ƙofar. A ranar 4 ga Yunin 2021, Ministan Yaɗa Labarai na lokacin, Lai Mohammed, ya sanar da dakatar da Twitter a Najeriya, kwana biyu bayan kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari. Washegari kamfanonin sadarwa suka toshe shafin. Sai a ranar 13 ga Janairun 2022 aka buɗe, bayan kwana 222. A watan Yulin 2022 kotun ECOWAS ta yanke hukuncin cewa dakatarwar ta saɓa wa doka. Masu ƙananan sana'o'in da ke tallar kayansu a shafin, wanda yanzu ake kira X, su suka fi jin jiki.

Wanda ya fi wannan tsanani ya faru ne a nan Arewa. A farkon Satumbar 2021, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci a katse layukan waya a duk faɗin Jihar Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin jihar, don hana 'yan bindiga magana da masu kai musu bayanai. Daga baya aka faɗaɗa zuwa ƙananan hukumomi 13 a Katsina, da 14 a Sakkwato, da wasu sassan Kaduna. A wurare da dama an shafe watanni babu sabis. Ku tsaya ku yi tunani: babu kira, babu saƙo, na'urar mai POS ba ta aiki, ɗalibi ba shi da halin duba sakamakon jarrabawa ko sunansa a jerin waɗanda jami'a ta ɗauka sai ya yi tafiya zuwa garin da ke da sabis. Wasu sun ce matakin ya takura 'yan bindiga, wasu sun ce talaka ya fi shan wahala, domin ko an kawo hari ba shi da hanyar neman agaji. Maƙwabciyarmu Nijar ma ta katse intanet na waya kimanin kwana goma bayan zaɓen Fabrairun 2021.

Ba a Afirka kaɗai ake haka ba. Sin ta daɗe da toshe Facebook da YouTube da Google, Indiya kuma ta haramta TikTok tun Yunin 2020.

Akwai wata dokar da ta shafe ku kai tsaye. Tun Disambar 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa, wato NIN, kuma a watan Afrilun 2022 aka hana miliyoyin layukan da ba a haɗa ba yin kira. Ita ma JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da NIN. Duk wanda ke aji biyar ko shida bai mallaki tasa ba, ya tashi tsaye tun yanzu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Katangar da ba kowa ke kira katanga ba

Bayan duk wannan, idan muka dubi garinmu, abin da ya fi hana ɗalibi amfana da intanet ba saƙon "ba a nuna wannan a ƙasarku" ba ne. Sabis ne da wuta da kuɗin data. A wasu ƙauyukan da ke kewaye da mu, mun sha ganin mutum ya fita bayan gari ko ya hau tudu kafin saƙonsa ya tafi, sannan ya kai wayar shagon mai caji ya biya.

Shi ma wannan rabon yanki ne, sai dai babu wanda ya rubuta shi a takarda. Kamfani yana kafa ƙarfen sabis ne inda ya ga zai mai da kuɗinsa. Da MTN ya fara 5G a 2022, da manyan birane ya fara, ciki har da Kano. Wanda ya ƙara kuɗi ya sayi waya don 5G alhali a ƙauye zai zauna, ya sayi abin da ba zai mora ba tukuna. Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan'adam, ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, kuma mu ne ƙasar farko a Afirka da ta samu. Ba ya buƙatar ƙarfen sabis, amma kuɗin kayansa da na wata ya fi ƙarfin yawancin gidajenmu. Ya kamata ku sani kuma, Dokar Sadarwa ta 2003 ta tanadi wani asusu, USPF, don kai sadarwa yankunan da 'yan kasuwa ba sa zuwa. Saboda haka idan al'umma ta nemi wakilanta su kawo mata sabis, haƙƙinta take nema, ba alfarma ba.

To, VPN fa?

Mun san da yawanku za su ce ai da sauƙi, a kunna VPN. Ga yadda take aiki: maimakon buƙatarka ta tafi kai tsaye zuwa shafin da kake nema, sai ta fara bi ta wata kwamfuta da ke wata ƙasa, shafin ya ga adireshin waccan kwamfutar ya ɗauka a can kake. Kamar ka ba ɗan aike wasiƙa ya je Zariya ya aika ta daga can, mai karɓa ya zaci Bazazzage ne ya rubuto.

Tana da amfaninta, kamfanoni da 'yan jarida suna amfani da ita don tsare bayanai. Amma ku lura da abu uku. Na farko, duk abin da kake yi yana bi ta hannun ɗan aiken nan. Idan VPN ɗin kyauta ce, ka tambayi kanka da me mai ita yake biyan kuɗin na'urorinsa. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wasu talla suke cika maka, wasu kuma bayananka suke tattarawa su sayar. Kada ka taɓa buɗe manhajar banki ta cikin VPN ɗin da ba ka san mai ita ba.

Na biyu, VPN adireshin IP kaɗai take ɓoyewa. Layinka da katinka da GPS suna nan suna faɗar gaskiya, kuma ba ta buɗe wayar da kamfanin layi ya kulle, ba ta kawo sabis inda aka katse shi.

Na uku, yin ƙaryar ƙasa ya saɓa wa sharuɗɗan yawancin kamfanoni. Akwai masu tallar asusun TikTok ko PayPal "na Amurka" su ce za ka riƙa samun dala. Ranar da kuɗi suka taru aka ce kawo katin shaida da adireshin da ka rubuta, a nan ido zai raina fata: a rufe asusun, kuɗin su maƙale. Ga asara, ga ha'inci, kuma irin wannan ne ke ƙara sa ana yi wa 'yan Najeriya kallon marasa gaskiya.

Abin da muke ba ku shawara

Na ɗaya, in za ku sayi waya ta hannu, ku je da layi biyu na kamfanoni daban-daban. Ku sa kowanne, ku yi kira, ku kunna data a gaban mai shagon. Waifai ba shaida ba ne.

Na biyu, ku danna *#06#, lambar IMEI za ta fito. Ku tabbatar ta yi daidai da wadda ke cikin saitin wayar da ta jikin kwali in akwai, kuma a rubuta ta a rasit tare da sunan shagon.

Na uku, ku tabbatar an cire asusun Google ko iCloud na mai ita na farko, a goge wayar a sake kunna ta a gabanku. Ku duba ko akwai Play Store, kuma ku tambayi ƙasar da aka yi wayar dominta.

Na huɗu, in farashi ya yi ƙasa fiye da kima, ku ja da baya. Araha ba ta ado.

Na biyar, kafin ku ɓata watanni kuna gina shafi don samun kuɗi, ku karanta sharuɗɗan kamfanin ku ga ko Najeriya na cikin ƙasashen da yake biya, da kuma shekarun da ya gindaya. In matsalarku da kamfanin layi ce kuma bai saurare ku ba, lambar kai ƙorafi ta NCC ita ce 622, kyauta ce.

Na shida, kada ƙofar da ke rufe ta ɗauke muku hankali daga waɗanda ke buɗe. Darussan Khan Academy na lissafi da kimiyya kyauta ne. Wikipedia tana da sashen Hausa, kuma ku ma kuna iya rubutu a ciki. Akwai manhajar Kiwix da ke ba da damar sauke Wikipedia a karanta ba tare da data ba. In kun shiga inda sabis ke da ƙarfi, ku sauke darasi ku dawo da shi gida ku tura wa 'yan ajinku.

Wani lokacin ma katangar kan zama silar arziki. A 2015 wasu matasan Najeriya biyu, Shola Akinlade da Ezra Olubi, suka kafa Paystack don sauƙaƙa wa 'yan kasuwarmu karɓar kuɗi ta intanet, a lokacin da manyan kamfanonin waje ba su kula da mu ba. A 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a kan sama da dala miliyan 200. Mu 'yan ƙasar Gaya ma muna da abin tunawa: tarihin da muka gada ya ce maƙeri ne daga Gaya ya tafi neman tama har dutsen Dala, kuma daga nan aka samu Kano. Bai zauna jiran a kawo masa ƙarfe daga wani wuri ba.

Wayar ƙaninmu dai har yau a kulle take. Kuɗin da aka nema don buɗe ta ya kusa na wata sabuwar ƙaramar waya, kuma babu tabbacin za ta buɗu. Yanzu yana jona ta da data daga wayar Yaya, ya sauke tambayoyi da darussa, ya yi karatunsa da daddare. Riɗi da akuya sun tafi, Inna kuwa ba ta daina yi masa tsiya ba. Amma a makon jiya wani abokinsa zai shiga birni sayen waya, sai da ya biyo ta gidanmu ya ce ya raka shi. Mun ga ƙaninmu ya ɗauki layi biyu ya sa a aljihun gaba, sannan suka nufi tasha.